Ƙyauren da Ya Rage a Bayan Gidanmu

Tagar ɗakina a Malali tana kallon wani kango ne. Tun ina firamare aka haƙa tushensa, aka ɗora bulo har wuyan taga, daga nan mai shi ya ɗauke ƙafa, ciyawa da ƙadangaru suka gaje wurin. A shekarar da na shiga aji biyu na jami'a aka dawo da aikin. Kafin motar yashi ta farko ta iso, ƙyaure ne ya fara zuwa.

A kan kura aka turo shi, an ɗaure shi da igiya a saman katifa da tukwane da buhun kaya. Wani dogon dattijo ne ke turawa, matarsa tana biye da shi, bokiti a ka, murhu a hannu. Suka zagaya kangon suna leƙa ɗakunan kamar masu neman haya, suka zaɓi na can ƙurya inda iska ba ta bugawa sosai. Dattijon ya jera tsofaffin kwanuka a sama ya danne su da duwatsu, ya toshe tagar da buhunan siminti, sannan ya kafa katako a bakin ƙofa ya rataya ƙyauren. Matar ta shiga ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa. Sai na ji ƙarar sakata. Ina tsaye a bayan labule da littafi a hannu na ga an yi gida kafin la'asar.

Haka ake yi a wajajenmu. Mai gini ba ya son siminti da rodinsa su kwana babu mutum, kuma bai shirya ɗaukar maigadi mai albashi ba. Sai ya samo wani mai iyali da ba shi da wurin zama, ya ce ya zauna kyauta ya sa ido. Ba a yanka wa'adi. Ginin ne wa'adin: ranar da aka gama shi, zama ya ƙare.

Umma ta aike ni da tuwo na yi musu barka da zuwa. Ni kuwa a lokacin gaisuwa ma aiki ce a wurina, sai na shirya kalmomina tun daga gida. Matar ba ta ba ni damar amfani da su ba. Ta karɓi kwanon ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai leƙen nan ta taga? Ai na gan ki. Shigo, 'yar boko, ba ma cizo."

Tun daga ranar nake ce mata Gwaggo, mijinta kuma Malam, kamar yadda ita take kiransa.

Ita ce ta karanta mini ƙyauren, tana bin sa da tafin hannu. Firam ɗinsa katako ne, fuskarsa kuwa ƙarfen duro da aka buge ya miƙe. Malam ya haɗa shi da hannunsa bayan ruwa ya cinye ɗakin da suke haya a bakin kogi. Ta nuna mini wani falle da aka ƙara a gefe, ta ce wannan na wani kango ne a Badarawa mai faɗin ƙofa. Ƙasan kuma an datse shi a Abakpa, inda bakin ɗakin ya yi gajere. Shuɗin fentin da ya rage a sama, ragowar na wani gida ne da suka tsare tun daga tushe har ranar da aka kai amarya.

"Kango ba ya zuwa da ƙofa," in ji ta. "In ba ki da taki, a titi kike kwana, ko da kwano a kanki."

Gwaggo tana dafa wa leburori shinkafa da wake, da mai da yaji. Malam yana buɗe wa masu kawo kaya, yana kwashe guntayen rodi ya adana, safe da yamma kuma yana ba sabon bulo ruwa don ya yi ƙwari. Aikin gini ya riƙa bin su daga ɗaki zuwa ɗaki. Idan masu filasta suka iso inda suke, sai Malam ya cire ƙyauren ya kai shi gaba. Duk ƙaurar da suka yi, ɗakin ya fi na baya kyau, kuma Gwaggo ba ta taɓa murna da hakan ba. Ranar da aka gama buga kwanon rufi, leburori suna ta ihu, na tarar da ita zaune a kan bulo tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba.

A farkon damina hawan jini ya buge Malam yana riƙe da bokiti. An kai shi asibiti, ya dawo ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sai da ƙyar. Duk layinmu sun sani. Leburori sun sani, birkila ya sani, limamin masallacinmu ya je ya duba shi. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne mai ginin. A Abuja yake zaune, ba ya zuwa sai jefi-jefi, in ya zo ma yawanci daga cikin mota yake magana da birkila. Ba wanda ya taru ya ce a ɓoye masa. Kowa dai ya ga bai kamata ya ji daga bakinsa ba.

Gwaggo ta ɗauki bokitin. Ita ke ba bulo ruwa, ita ke kwashe rodi. In aka ce mai gini yana hanya, sai leburori su ɗauko Malam su zaunar da shi a kujera bakin get, a sa masa hula, a jingina gora a cinyarsa, a kunna rediyo a gefe. Mai ginin ya sauke gilashi ya ce, "Baba, sannu da aiki!" Malam ya ɗaga hannun hagu. Motar ta wuce.

A wannan zangon ne wani malaminmu ya ba mu wani tsohon fim na ƙasar Italiya, baƙi da fari, ya ce mu kalla mu yi rubutu a kansa. Gidanmu akwai hayaniyar ƙanne, don haka na saba ɗaukar kwamfutata in tsallaka kangon da rana, in zauna a wani ɗaki da ba a taɓa ba. A nan Gwaggo ta same ni, ta tsaya a kaina da tsintsiya.

"Wannan kuma wane irin fim ne babu launi? Ko injin ne ya lalace?"

Na ce haka aka yi shi, tsoho ne.

"Su waye waɗannan masu kwana a ƙarƙashin gada?"

"Talakawa ne, Gwaggo. Ba su da gida."

"Turawan?"

"Su."

Ta ajiye tsintsiyar. "Ke dai ki ji tsoron Allah. Bature da kwat ɗinsa?"

Ta jawo bulo ta zauna. Suna magana da harshensu, fassara tana fitowa a ƙasa da Turanci, ni kuma ina mayar mata da Hausa. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban wani ba. Labarin wani mutum ne da aka rushe unguwarsu, bai tsira da komai ba sai ƙofar ɗakinsa, yana yawo da ita a baya cikin gari. Rabin farko duk wahala ce zalla, yunwa da sanyi da kora. Sai labarin ya juya ya zama kamar tatsuniya. Mutumin ya gano cewa duk inda ya tsayar da ƙofar, ko a tsakiyar fili ne, in ya buɗe sai ya tarar da ɗaki a bayanta, da gado da wuta a murhu.

Gwaggo ta yi dariya har da dafa ƙirji.

"Kai! Wannan ɗan'uwanmu ne. Malam! Malam, ga naka nan a Turai!" Daga ɗaya ɗakin muka ji Malam ya yi wani gunji. Ta juyo gare ni. "To banɗaki fa? Ya zo da banɗaki?"

"Ba su nuna ba."

"Ai kuwa da saura. Ruwa fa, a ina yake ɗiba?"

Ta yi ta yi wa mutumin faɗa. Ta ce bai iya ɗaukar ƙofa ba, zai ɓata mata ƙarafa. Ta ce matar da yake so ba ta da kirki, a fuska ake gani. Amma da aka zo wurin da sauran marasa gida suka yi layi a bayansa, kowa yana roƙon ya kwana a ciki, sai ta bar faɗan, ta ƙura wa fim ɗin ido. A ƙarshe masu filin suka zo da 'yan sanda. Mutanen suka shige ƙofar ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya jawo ta ya rufe. 'Yan sanda suka buɗe, babu kowa, sai fili da ciyawa. Rubutu ya fara hawa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Ina suka tafi?"

"Ba a nuna ba."

Ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta ɗauki tsintsiyar. "Ai ba a nunawa," ta ce, ta fita.

Na rubuta abin da aka ce mu rubuta. Na yi maganar haske da inuwa, da yadda aka ɗauki mutanen titi suka fito a matsayin kansu. Ban sa maganar banɗaki ba, ko da yake ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Damina ta yi nisa lokacin da aka sauke kwalayen tayil. Bayan su masu wayar wuta suka zo, sai ƙofofin ƙarfe masu sheƙi, kowace a cikin ledarta, aka jingina su a falo. Ɗakin da ya rage wa su Gwaggo shi ne ɗan sito na bayan kicin, wanda katifa ke cika shi. Daga nan birkila ya kawo saƙo, yana sosa ƙeya: ɗan mai gidan zai yi aure, a nan za a ajiye amarya, masu fenti na zuwa da zarar ruwa ya ɗauke. Don haka a gaya wa Baba ya fara neman wuri.

A da Malam ne ke wannan neman. Tun ana filasta yake fara zagaya unguwanni, yana tambayar direbobin tifa inda suka sauke yashi. Yanzu ba ya iya zuwa ko bakin get, ita kuma ba ta iya barinsa.

"Ke kina yawo," ta ce mini. "In kin hau keke napep za ki makaranta, ki daina kallon littafi, ki kalli gefen hanya. Inda kika ga yashi sabo da bulo, ba hayaƙi, ba shanya, to babu kowa a ciki."

Haka na koma kallon garinmu da wani ido. Na riƙa sauka kafin in kai gida ina bin lunguna a ƙafa. Kangwaye suna da yawa, amma kusan kowanne da zani a rataye a taga, ko tukunya a kan duwatsu uku. Ban taɓa lura da yawan mutanen da ke zaune a gidajen da ba a gama ba sai a lokacin. Wasu wuraren na tsaya a bakin get na kasa yin sallama, na juyo. Wani wurin na yi ƙarfin hali na tambaya, aka ce mai shi ya riga ya kawo ɗan garinsu.

Umma ta yi wa Abba maganar ko za su zauna a wurinmu. Abba ya tuna mata halin da muke ciki. Mu ma haya muke, ɗaki ɗaya da ke baya ƙanensa ne a ciki da matarsa, kuma mai gidan ya sha yin ƙorafi a kan yawanmu. Umma ba ta sake tayar da zancen ba.

A bakin Badarawa na samu wani. An kai gininsa linta, saman ƙofofi da tagogi, an tara rodi a tsakar gida an rufe da tamfol, babu alamar mutum. Wani mai shago a can bakin titi ya kwatanta mini mai shi, sai ya zamana wani Alhaji ne da suke ma'aikata ɗaya da Abba. Kwana da kwanaki ina juya yadda zan faɗa wa Abba, don ba mu saba doguwar magana da shi ba. Da na faɗa, ya cire tabarau ya dube ni.

"Zan yi masa magana. Amma ki gaya mata, in ya tambaye ni lafiyar mutumin, ba zan yi masa ƙarya ba."

"In bai tambaya ba fa, Abba?"

Ya mayar da tabaransa. "In bai tambaya ba, bai tambaya ba."

Alhajin bai tambaya ba. Ya ce ya yarda da shaidar Abba, amma an sha yi masa satar rodi, don haka yana so ya zo da kansa su gaisa da mutumin, in sun tashi daga ofis.

Da na kai wa Gwaggo wannan labari, ta zauna a bakin sito ta riƙe haɓa. Dabarar kujera ba za ta yi ba. Wancan daga mota yake ɗaga hannu. Wannan zai sauko, zai miƙa hannu, kuma babu yadda za a yi mai neman alfarma ya ga babban mutum a tsaye a kansa bai miƙe ya rusuna ba.

"In ya ga Malam a zaune, ko dai ya ce marar lafiya ne, ko ya ce marar kunya ne," in ji ta. "Duk ɗaya."

Washegari ta ce ta samo mafita. Mutum ɗaya ne ba a sa ran ya tashi ko ya amsa gaisuwa, kuma ba a ganin laifinsa: wanda ke kan buzu yana lazimi. In Alhaji ya zo bayan la'asar ya tarar da Malam yana jan carbi, zai ɗaga masa hannu daga nesa, ita ta fito ta yi magana, Abba ya sa baki, a rabu lafiya. In sun tare, ta san yadda za ta yi da sauran. Ba ga shi ta riƙe wannan gidan duk damina ba, ko ƙusa ba ta ɓace ba?

Malam yana kwance yana jin mu. Ya yi ta girgiza kai, yana fitar da wata kalma da ban gane ba. Ita ta gane.

"Na sani, Malam. To ka yi lazimin da gaske mana, wa ya hana ka? Ka yi a zuci. Allah ai ya san inda muke."

Ya juya fuskarsa bango.

Ranar da Alhajin zai zo, ta wanke masa farar riga, ta rage masa gemu da almakashi. Leburori biyu suka ɗauko shi suka zaunar a kan buzu a inuwar baranda, fuskarsa gabas, bayansa jingine da ginshiƙi. Ta lanƙwashe masa ƙafar da ta shanye ta rufe da riga. Ta ɗora hannun daman a kan cinya ta naɗa masa carbi a yatsu, don ba wanda ke jan carbi da hagu a gaban mutane. Ta ja baya ta duba, ta gyara hula. Daga inda nake tsaye, a ƙofar kicin, ya yi kama da kowane dattijo da na taɓa gani a sahun gaba.

Rana ta yi sanyi lokacin da motar Alhajin ta tsaya, suka fito shi da Abba. Alhajin gajere ne mai furfura, da tabon salla a goshi, yana tafiya a hankali. Ya yi sallama. Gwaggo ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Malam ya ɗan shiga lazimi, amma duk abin da ake so a gaya mata.

"A'a, a'a," in ji Alhajin, ya sassauta murya. "Kada a katse shi. Mu da muka zo neman mai amana, ai mun ga alama. Sai mu jira."

Ya tuɓe takalmansa, ya ɗauko kwalin tayil da babu komai a ciki ya shimfiɗa, ya zauna a gefen baranda. Ya ciro nasa carbin daga aljihu. Abba ya tsaya jim, sannan shi ma ya zauna.

Gwaggo ta kawo ruwa. Ta ce Alhaji da ayyuka, kada a ɓata masa lokaci, Malam in ya fara yakan daɗe.

"Baiwar Allah, wane aiki ne ya fi wannan? Mu ma mu samu albarkar zama kusa da shi."

Ta dawo kicin ta tsaya kusa da ni. Ina jin numfashinta. Leburori suka tattara kayansu suka sulale ɗaya bayan ɗaya ba tare da sallama ba. Inuwar katanga ta tsallake tsakar gida ta hau baranda. Carbin Alhaji yana tafiya, ƙwaya bayan ƙwaya, ana jin ɗan ƙaransa. Na Malam yana nan yadda aka naɗa shi. Na ga wani ƙuda ya sauka a bayan hannun, ya yi yawonsa, hannun bai motsa ba. Abba ya kafa ido a ƙasa. Yawu ya fara taruwa a gefen bakin Malam, Gwaggo ta ɗaga ƙafa za ta je, ta fasa.

Sai aka kira magariba a masallacin layinmu.

Alhaji ya shafa addu'a ya miƙe. Ya dubi sama, hadari ya haɗo, an fara yayyafi.

"Ina ganin mu yi ta a nan kawai," ya ce wa Abba. Ya juya wurin Malam cikin ladabi, ya ɗan rusuna. "Malam, bismilla. Kai za ka ja mu."

Ina tsammanin Gwaggo za ta ce wani abu, don ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba.

Malam ne ya motsa. Ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya tura jikinsa sama. Ya ɗan ɗagu, har rigar ta zame daga kan ƙafar. Ban sani ba ko ya yi nufin ya tashi ne da gaske, ko so yake a gani a huta. Ya tafi ta ɓarin dama gaba ɗaya, hular ta gangara, carbin ya zube a kan siminti. Abba da Alhaji suka tare shi kafin kansa ya bugu.

"Subhanallahi," in ji Alhaji. "Subhanallahi. Tun yaushe?"

"Tun farkon ruwa," in ji Gwaggo daga bakin kicin. Ta fito ta durƙusa ta goge wa mijinta baki da gefen mayafi. "Ni na zaunar da shi, Alhaji. Shi bai so ba."

Sun yi sallar a barandar. Abba ya ja, Alhaji ya tsaya a gefen Malam, wanda ya yi tasa a zaune, hawaye na bin ɓarin fuskarsa mai motsi. Bayan sun idar Alhajin ya daɗe riƙe da hannun Malam na hagu. Bai yi faɗa ba, bai ko nuna ɓacin rai ba. Ya tambayi irin maganin da ake ba shi, ya ce zai turo da buhun shinkafa, kuma ya turo. Gwaggo ta ce masa ita ke tsaron nan duk tsawon damina, a tambayi birkila.

"Na yarda, wallahi na yarda," ya ce. "Amma can ba kamar nan ba ne, babu maƙwabta kusa. Masu zuwa ɗaukar rodin nan da makami suke zuwa. In wani abu ya same ku, me zan ce wa Allah?"

Ta ce haka ne. Ta yi masa godiya, ta raka shi har mota.

Na ci gaba da dubawa a hanyar makaranta, amma labari ya riga ya zaga wurin direbobin tifa da birkiloli, kowa ya san maigadin kangon Malali ba ya tashi. Ruwa ya ɗauke. Wata safiya na ga an sauke bokitan fenti.

Wani ɗan'uwan Malam da ke dako a tasha ya ce su zo su zauna a zauren gidan da yake haya kafin a ga abin da Allah zai yi. Abba ya samo a-kori-kura. Da aka zo fito da Malam sai aka rasa yadda za a ɗauke shi ba a wahalar da shi ba, don tun faɗuwar nan jikinsa ya ƙara saki. Gwaggo ta ɗauko guduma ta cire ƙyauren da kanta. Aka kwantar da shi a kai, masu fenti suka kama gefe da gefe suka kai shi mota, suka zame shi a kan katifa.

Direba ya ce a miƙo ƙyauren a ɗaure a sama. Gwaggo ta tsaya tana kallonsa a jingine da taya.

"Zaure ne," ta ce. "Hanyar mutane ce, shiga da fita. Ina zan kafa shi?"

Ta juya wurin Umma. "Hajiya, ki ajiye mini. In na samu bakin ƙofa zan aiko a ɗauka." Sannan ta dube ni. "Ke kuma 'yar boko, ki riƙa ɗiga masa mai a sakata, tana cijewa."

Na ce to. Ta hau bayan motar ta zauna kusa da kan Malam, ta riƙe bokiti a cinya.

Mun je mun duba su sau ɗaya a zauren, ni da Umma. An kare musu lungu da buhu da zani, mutanen gida suna wucewa ta gefen ƙafar Malam da babura da jarkoki. Da muka koma karo na biyu, aka ce ɗan'uwan ya tashi, su ma sun tafi. Wata mata ta ce ƙauye aka mayar da su. Wani ya ce a'a, ya ga tsohuwar a wajen Kawo tana sayar da abinci. Lambar da muke da ita ta ɗan'uwan ce, kuma ta daina shiga.

Gidan da ke gaban tagata yanzu fentinsa ruwan madara ne, da fitilu a kan katanga. Yaran amaryar sun fara zuwa makaranta. Ɗan siton nan na bayan kicin, an ce injin wanki ne a ciki.

Ƙyauren yana bayan gidanmu, jingine da bango kusa da tankin ruwa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun sha taya shi, Abba ma ya taɓa cewa yana tara kunamu, Umma ta ce ajiya ce, ba namu ba ne. Ƙasansa ya fara ruɓewa, sai na ɗora shi a kan bulo. In na tuna nakan ɗiga wa sakatar man keken ɗinkin Umma, in ja ta, in mayar. Har yanzu tana aiki.